Ƙwaurin Baba Lafari

Sana'arsa kafinta, amma baƙon da ya shigo layin ya ce yana neman kafinta sai an tambaye shi wanne. In ya ce Lafari kuwa, kowa zai miƙa hannu ya nuna masa shagon da ke jikin na mai walda, inda ƙafafun kujeru suke rataye a bango, garin katako ya rufe dandamali. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Furfura ta cinye masa gemu, ta bar gashin baki kamar ta manta da shi. Kullum fensir na bayan kunnensa, usur na wuyansa. Matarsa ta yi magana har ta gaji a kan ya riƙa cire usur ɗin in zai shiga wanka.

Ba da niyya ya zama alƙalin wasa ba. Yana saurayi gola ne, kuma da bakinsa yake faɗa cewa ba a taɓa yin golan da ya sha ƙwallaye kamarsa ba. Wata rana wanda zai busa wasa bai zo ba, ƙungiyoyin biyu suka rasa wanda za su yarda da shi. Sai kyaftin ɗinsu ya ce a ba golansu usur, ko ba komai ragarsu ta huta. Aka kwashe da dariya, aka rataya masa. Ya busa wasan nan aka tashi lafiya, ba wanda ya ci kwalar wani. Tun daga ranar bai sake tsayawa a raga ba. Daga baya ya je ya yi kwas ya karɓo takarda, amma sunan Lafari, wato alƙalin wasa, ya riga takardar zuwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran alƙalan unguwa shi ne gudu. Wasu suna tsayawa a tsakiyar fili suna hango wasa kamar masu jiran mota. Shi kuwa duk inda ƙwallo ta faɗi yana gefenta, yana haki yana murmushi. Yakan ce alƙalin da ya yi nesa da ƙwallo jita-jita yake busawa. Ya haura hamsin yana wannan gudun, samarin da aka haifa a gabansa suna ce masa, "Baba, ka bar mana fili mana, ko kai ma so kake ka ci?"

Matarsa ba ta taɓa taka filin ba. Ta ce rana da ihu ba nata ba ne. Amma daga yadda ya ajiye takalmi a bakin ƙofa take sanin yadda wasa ya kasance. In ya wurgar da su, an tashi lafiya. In ya jera su a hankali, to an zage shi. 'Ya'yansu maza aiki ya kai su nesa. Auta ce ta rage a gida, malamar lissafi a makarantar da ke bayan kasuwa, wadda ta gaji kafaɗar ubanta da taurin kansa. Tun tana ƙarama suke gardamar dokokin ƙwallo a kan abinci, yanzu kuma ita take busa wa ɗalibanta wasa.

Shekarar da abin ya same shi, an rufe tsohon filinsu za a shuka sabuwar ciyawa. Wasanni suka koma wani fili na siminti a bayan rumbunan ajiye kaya. Ga shi lokacin gasar unguwanni ne, wasa safe da yamma, kuma kowace ƙungiya Lafari take so. Bai ce wa kowa a'a ba. Ya ci gaba da gudu a kan simintin nan da tsohon kambas ɗinsa.

Ciwon ya zo masa a hankali. Wani zugi ne a gefen ƙwauri ta ciki, ƙafa biyun duka, daga tsakiya zuwa saman idon sawu. Da farko in jiki ya yi zafi sai ya ɓace, sai bayan wasa ya dawo. Daga baya ya daina tafiya ko'ina. Da safe in ya sauko daga gado sai ya dafa bango. A shago ya koma yin aikin da ake yi a zaune, ya ce wai yana so ya gama da kujerun da suka daɗe. A fili kuma, abin da ya fi ƙona masa rai, ya fara tsayawa a tsakiya yana hange.

Bai faɗa wa kowa ba. Wata safiya yana shan shayi, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma, matarsa ta zo wucewa. Ta durƙusa kamar za ta ɗauki cokali, ta danna masa babban yatsa a ƙwauri. Ya zabura, shayi ya tafi gabas, kofi ya tafi yamma.

"Maman yara! Me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba, Malam. Sa rigarka, asibiti za mu."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a haske ya ce ba karaya, ba tsagewa, wahala ce ta yi wa tsoka da jikin ƙashin yawa. Ya tambaye shi aikinsa. Ya ce kafinta. Matarsa ta ce, "Faɗa masa ɗayan." Likita ya ji, ya yi dariya, ya ce babu gudu sai an ga hali, sannan ya tura su sashen gashin ƙashi.

Wadda ta karɓe su a can doguwar mace ce mai tabarau, ba ta wuce sa'ar babban ɗansu ba. Ɗakinta ƙarami ne: gado mai farin zani, labule shuɗi, keken motsa jiki a kusurwa, da hoton ƙafar mutum a bango an feɗe fata ana ganin tsoka. Kafin ta taɓa ƙafarsa ta ce ya miƙo takalminsa. Ta ɗaga kambas ɗin wajen taga, haske ya ratso ta tafinsa.

"Baba, wannan ai safa ce mai igiya."

"Bai taɓa ba ni kunya ba, Likita."

"To yau ya ba ka."

Ta koya masa sa ƙanƙara cikin tawul, da yadda zai dafa bango ya ja sharaɓa, da yadda zai riƙa ɗagawa a kan yatsu yana saukowa a hankali. Ta ce a sayi sabon takalmi mai taushin tafi. Ya bi umarni, don matarsa tana tsaye a kansa. Kumburin ya sauka, amma zugin ya ƙi barinsa. Da suka koma, likitar ta saurare shi, ta cire tabarau ta goge.

"Akwai wani abu da na koya, in ka yarda mu gwada. Wasu siraran allurai ne ake tsirawa a jikin tsoka, a bar su ɗan lokaci, a zare. Babu ruwan magani a cikinsu. Ban ce maka su kaɗai za su warkar da kai ba. Wasu suna samun sauƙin zafin, wasu ba sa jin bambanci sosai. Hutu da motsa ƙafar suna nan daram."

Lafari ya dubi ƙofa. Mutumin da yake shiga tsakanin ƙarti ana naushe-naushe, wanda ya taɓa yanke ɗan yatsa da zarto ya naɗe da tsumma ya ƙarasa tebur, tun yana yaro in ya ga allura yake neman hanyar gudu.

"Likita, ni fa nake buga ƙusa. Ba a buga mini."

"Je ka yi tunani, Baba. Ba dole."

Kuskuren da ya yi shi ne ba mai walda labari. Mai walda abokinsa ne tun ƙuruciya, shi ne kuma kocin ƙungiyar layinsu, mutum mai ƙaton ciki da murya kamar janareto. Ya ɗaga gilashin waldarsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mutumina, za su mai da kai bushiya. Kawo ƙafar nan in ɗan ɗiga mata wuta, yanzu ta haɗe."

Kafin azahar duk layin ya ji. Mai shayi ya tambaye shi ko in ya sha ruwa zai riƙa yoyo. Tela ya aiko a ce masa yana da allurai birjik, har da zare kyauta. Lafari ya shigo gida yana cika yana batsewa, ya ce shi kam ba inda za shi. Matarsa tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba.

"Shi ke nan. Sai ka zauna a shago har gasa ta ƙare. Usur ɗin ma a ba jikoki su yi wasa da shi."

Ranar da aka sa musu, shi ya fara shiryawa.

Ya kwanta rigingine, an naɗe masa wando zuwa gwiwa, an sa matashi a ƙarƙashin ƙafafu. Likitar ta wanke hannu, ta goge masa ƙwauri da auduga mai sanyi, ta yage wata 'yar leda. Ya runtse ido, ya damƙe gefen gado har katakon ya yi ƙara. Matarsa tana kujera a gefen kansa da jaka a cinya.

"Baba, kafin mu fara," in ji likitar, "ka taimake ni da wani abu. Mijina ya yi mini bayanin satar gida har ya haƙura. Ni dai gani nake mutum ya ci ƙwallo da guminsa a hana shi."

Ido ɗaya ya buɗe. "A'a, 'yata. Ba zalunci ba ne. Bari ki ji."

Ya saki gadon, don bayanin yana buƙatar hannu biyu. Wannan hannun ɗan gaba ne, wancan ɗan baya. Ga gola can. Ya ja layi a iska, ya tura ɗan gaba ya wuce, ya dawo da shi. Likitar tana cewa "to," "au, haka ne?" tana jefa masa tambaya kamar wadda ba ta gane ba. Ya zo daidai inda mutane suke rikicewa, sai kalma ta ƙwace masa, ya tsaya yana laluben ta.

"Lokacin da aka bugo ƙwallon ake dubawa," in ji matarsa, "ba lokacin da ta iso masa ba."

Ya juyo da kai a hankali. "Ke kuma a ina kika sani?"

"Wanda yake faɗa har cikin barci yake tambayata?"

Likitar ta yi dariya har tabarau ya zamo mata. Ta ce, "Baba, duba ƙafarka."

Ya ɗaga kai. Allurai ne a tsaye a ƙwaurinsa biyu, wasu kusa da gwiwa, wasu wajen idon sawu, sirara kamar silin gashi, suna ɗan rawa in ya yi numfashi. Babu jini. Ya kalle su, ya kalli likitar.

"Yaushe?"

"Tun kana kan gola."

Ta ɗan murza ɗaya, ya ji wani nauyi-nauyi mai tsami ya bi cikin tsokar, ba zafi ba, ba kuma daɗi ba. Sannan ɗumi ya biyo baya. Ta ja labule ta ce ya huta. Ya yi niyyar ya zuba wa alluran ido kar su yi wani abu ba da saninsa ba, amma da ta dawo zare su, sai ta tarar yana minshari, matarsa tana yi masa fifita da katin asibiti.

Ciwon bai tafi a ranar ba. Amma da suka fito ya taka matakalar asibiti, sai ya ji kamar an sassauta wani ɗauri. Ya ci gaba da zuwa. A hankali ya daina dafa bango da safe. In an tambaye shi ko alluran ne, ko hutun, ko sabon takalmin, sai ya ce shi bai san wanda ya ci ƙwallon ba, ya dai san ƙungiyar ta yi nasara. Duk da haka alluran ya fi yi wa talla. Wanda ya zo karɓar kujera sai ya ga Lafari ya naɗe wando yana nuna masa ƙwauri.

"Duba da kyau. Ka ga huda? Ko ɗaya."

Ana cikin haka gasa ta zo wasan kusa da na ƙarshe, ƙungiyar layinsu za ta kara da ta masu gyaran mota. Alƙalan da aka kawo duk an ƙi su. Shugabannin ƙungiyoyin biyu suka zo shago suna roƙo ya fito ko a tsaye ne. Ransa ya biya ƙwarai, har ya shafa usur ɗin. Sai ya tuna fuskar likitar.

"Ba zan iya ba. Amma ina da alƙali."

Ya ce 'yarsa Auta ce. Ɗaya ya ce samarin nan ba za su ji maganarta ba. Lafari ya ce wadda take sa aji guda su yi lissafi bayan an ci abinci, ƙartin ƙwallo ba za su gagare ta ba. Masu gyaran mota suka ce ai 'yar layin ce, za ta yi son kai. Mai walda ya ce da za ta yi da ya ji daɗi, amma jinin gidan nan bai san maƙwabci ba.

Da yamma ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa Auta. Ta juya shi a hannu.

"Baba, sai na wanke shi da ruwan zafi tukuna."

Ranar wasan ya zo da wata kujera da ya ƙera musamman, mai wurin ɗora ƙafa. Ya kafa ta kusa da mai walda. Rabonsa da zama cikin 'yan kallo tun bai yi aure ba. Auta ta shigo fili da dogon wando da baƙar riga, ta ɗaure kai tamau, ta kira kyaftin biyu ta yi musu magana a taƙaice. Ta busa. Ya ga tana bin ƙwallo ƙafa da ƙafa, ta san inda za ta tsaya, ba ta barin a kewaye ta. Wani ƙato ya matso zai yi mata hayaniya, ta dube shi kallo ɗaya, ya juya yana gyaran safa. Lafari ya gyara zama. Ya riƙa taɓa na kusa da shi yana cewa, "'Yata ce fa."

Amma zama kusa da mai walda ba ya barin mutum da hankalinsa. Bayan hutun rabin lokaci aka kwashe ɗan gaban layinsu a bakin raga, Auta ta yi hannu a ci gaba. Mai walda ya yi tsalle. Lafari bai san lokacin da ya miƙe yana yi wa 'yarsa ihu ba.

"Fanareti! Lafari, ba kya gani ne? Wa ya ba ki usur?"

Ƙwallo ta fita waje. Auta ta busa, ta tako a nutse har gaban kujerar. Ta sa hannu a aljihu ta zaro katin gargaɗi, ta ɗaga shi sama a kan mahaifinta.

"Baba, ƙwallon ya fara taɓawa. Kuma likita ta ce ka zauna."

Ihun da aka yi har masu gadin rumbuna suka leƙo. Mai walda ya faɗi a kan benci yana riƙe ciki. Lafari ya tsaya baki buɗe, sannan dariya ta ƙwace masa, ya cire hula ya rusuna mata, ya koma ya zauna ya ɗora ƙafafu. Layinsu ya sha kashi a ranar, amma shi ya fi kowa fara'a a hanyar gida. Ya ba matarsa labarin tun daga bakin ƙofa, da Auta ta shigo ya sake bayarwa daga farko.

Auta ce ta busa wasan ƙarshe, kuma tun daga nan wasannin samari suka zama nata. Shi kuwa likitar ta sake shi kaɗan-kaɗan: tafiya tukuna, sai sassarfa a gauraya da tafiya, a kan ƙasa mai taushi, kuma in ƙwauri ya yi magana a saurare shi. Ranar da ta sallame shi ya kai mata ɗan ƙaramin benci na taka hawa gado, don ya lura tsofaffi suna shan wahalar hawa.

Da aka buɗe tsohon filin da sabuwar ciyawa, aka shirya wasan dattawa, masu shaguna da malaman makaranta, aka ce Lafari zai busa. Da safe ne, raɓa ba ta gama bushewa ba. Ya fara a hankali, yana sauraren ƙafafunsa. Shiru. Ya ƙara sauri. Shiru. Ƙwallo ta tafi kusurwa ya bi ta, ta dawo ya biyo ta, iska tana shiga rigarsa, ciyawa tana karɓar sawunsa kamar katifa. Ya manta da agogo sam.

Dattawa suka fara dafa gwiwa. Mai shayi ya zauna a ƙasa yana cewa a kira masa iyalinsa. Shugaban makaranta ya nuna masa wuyan hannu, bai gani ba. Sai da mai walda, wanda aka tilasta wa tsaron raga, ya rungume ƙwallo ya kwanta a kanta ya ƙi tashi.

"Lafari, don girman Allah ka busa! Lokaci ya cika tun ɗazu. Kai aka yi wa allura, mu ba a yi mana ba!"

Ya duba agogo, ya ga gaskiya ne, har ta yi yawa. Ya sa usur a baki, dariya ta hana shi fita. Sai da ya gwada ya sake gwadawa sannan ya samu ya busa, dattawa suka zube a kan ciyawa suna godiya.